Rahoton Ayyukan Shekara: Lasisin Matuƙin Jirgi da Adalcin Ɗaukaka Ƙara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Mai girma shugaba, iyayen ƙungiya, manyan kyaftin-kyaftin ɗinmu, abokan aiki da ƙannenmu ɗalibai, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Wannan shi ne bayanin abin da kwamitin zartarwa ya gudanar tun daga babban taronmu na bara a nan Sakkwato zuwa yau. Kamar yadda za ku tuna, taron ya ɗora mana aiki guda ɗaya a kan sauran ayyuka, wato mu gano abin da ke faruwa da matuƙin jirgin sama daga ranar da hukuma ta dakatar da lasisinsa ko takardar shaidar lafiyarsa har zuwa ranar da aka yanke hukunci a kan ƙarar da ya ɗaukaka. Mafi yawan rahoton a kan wannan yake. Lissafin kuɗin shiga da na fita ma'aji zai karanta shi da kansa.

Kafin a shiga bayani, wajibi ne mu faɗi inda muka tsaya, domin an sha tambayarmu ko mun zama masu kare duk wanda aka hana tashi. Babu ɗan Sakkwato da zai manta da ranar 29 ga Oktoba, 2006, lokacin da jirgin kamfanin ADC da ya nufo garin nan ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja, mutane 96 suka riga mu gidan gaskiya, cikinsu har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, Allah ya jiƙan su. Waɗanda suka ga wannan rana ba za su nemi a sassauta wa kowa a kan lafiyar fasinja ba. Hukuma tana da iko ta sauke matuƙi daga kujerarsa a ranar da ta ga alamar haɗari, kuma muna goyon bayan haka. Abin da muke bibiya shi ne matakin da ke biyo baya: wa zai sake duba hukuncin, da waɗanne hujjoji, kuma cikin kwana nawa.

A wannan shekara mambobi uku suka kawo kukansu ga kwamitin walwala. Tun da 'yan'uwanmu suna aiki a ƙasashe daban-daban kuma da lasisin hukumomi daban-daban, mun bi ƙa'idarmu ta ɓoye sunan mamba da kamfaninsa da hukumar da ya yi hulɗa da ita.

Na farko mataimakin kyaftin ne da ya je sabunta shaidar lafiya ta aji na ɗaya, wadda bisa ƙa'idar Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, matuƙin jirgin haya ke sabuntawa duk wata 12, ta koma duk wata 6 idan ya kai shekara 60. Na'urar auna bugun zuciya ta nuna wani abu da likita bai gamsu da shi ba, aka dakatar da shi nan take, kuma babu wanda ya ga laifin hakan. Ya je wurin ƙwararren likitan zuciya da kuɗinsa, aka yi duk gwaje-gwajen da aka nema, sakamako ya fito lafiya lau. Da ya nemi a sake duba lamarin, sai fayil ɗinsa ya koma teburin da hukuncin farko ya fito, ya kwana can wata da watanni ba tare da an ce masa ga ranar da za a saurare shi ba. Daga ƙarshe an mayar masa da takardarsa, mun kuma yi wa Allah godiya. Sai dai kowa a cikinmu ya san abin da waɗannan watanni suka ci. Matuƙin da bai yi tashi uku da sauka uku a cikin kwana 90 ba, ba ya ɗaukar fasinja sai ya sabunta hannunsa. Gwajin ƙwarewa da ake yi sau biyu a shekara ya wuce shi, kuma na'urar kwaikwayon tuƙi ta irin jirginsa tana ƙasar waje, da dala ake biyan sa'o'inta. Albashinsa ya tsaya, aka ba wani gurbinsa a jadawalin aiki, yara kuma suna makaranta. Gidauniyar da muka buɗe ta ɗauke masa wani ɓangare na kuɗin horon, kuma muna godiya ga duk wanda ya sa hannu. Wannan lamari ne ya koya wa kwamiti cewa jinkiri shi kansa horo ne, kuma yana faɗa wa mai gaskiya da marar gaskiya daidai wa daida.

Na biyu an zarge shi da saɓa umarnin hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage a kan tsayin da aka ba shi. Takardar da aka aiko masa sakin layi ɗaya ce, ta faɗi hukunci, ba ta faɗi hujja ba. Mun taimaka masa ya rubuta buƙatar a ba shi damar sauraron muryar da aka naɗa tsakaninsa da hasumiya. Da ya saurara, shi da kansa ya ce kuskuren nasa ne, ya janye ƙorafinsa, ya karɓi ƙarin horo. Mun gaya masa cewa hukuncin ya dace, kuma muna maimaita haka a gabanku. Da an haɗa masa hujjar da takardar tun farko, da ba a ɓata makonni ana zargin juna ba.

Na uku ɗalibi ne, kuma labarinsa ya fi taɓa mu. Mahaifinsa ya sayar da gona ya biya kashin farko na kuɗin makarantar tuƙi, sai a gwajin ido aka ce ba ya bambance wasu launuka a faranti masu ɗigo-ɗigo da ake gwada masu neman lasisi da su. Har yanzu muna nema masa gwaji na biyu a wurin ƙwararre. Muna roƙon iyaye da yayye, don Allah, kada a biya ko sisi a makarantar tuƙi, ko ta Zariya wadda aka kafa a 1964 ko wata a ƙetare, sai yaro ya fara samun shaidar lafiya ta aji na ɗaya a hannunsa.

Waɗannan koke-koke ne suka sa ƙaramin kwamitin shari'a ya zauna ya yi nazari, tare da taimakon wani lauya ɗan garin nan da ya yi mana aikin kyauta. A gida Nijeriya, ikon bayar da lasisi da dakatar da shi da soke shi yana hannun hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, a ƙarƙashin Dokar Sufurin Jiragen Sama ta 2022 wadda ta maye gurbin ta 2006, kuma ƙa'idojin hukumar sun buɗe ƙofar neman a sake duba hukunci. Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi cikin adalci kuma cikin lokacin da ya dace, sashe na 251 kuma ya keɓe shari'un sufurin jiragen sama ga Babbar Kotun Tarayya, wadda take da reshe a nan Sakkwato. Lauyan ya ja hankalinmu ga abu guda: idan aka kai hukuncin wata hukumar gwamnati kotu, alƙali ya fi duba ko an bi doka kuma an ba mutum damar kare kansa, ba safai yake shiga tambayar ko zanen bugun zuciyar wane yana nuna cuta ba. Wannan tambaya kuwa ita ce takan raba matuƙi da aikinsa.

Mun duba yadda wasu ƙasashe suka ɓullo wa lamarin. A Amurka, hukumar sufurin jiragen samansu, FAA, ce ke yanke hukunci, amma ƙara tana zuwa gaban alƙalan wata hukuma daban mai binciken haɗurran sufuri, NTSB, daga nan zuwa kotun tarayya. Duk da haka shahararren matuƙinsu Bob Hoover ya yi shekaru yana fafutuka bayan an karɓe shaidar lafiyarsa, har ya koma tuƙi da lasisin Ostareliya, kafin a mayar masa da ita a 1995. A 2012 majalisarsu ta yi dokar kare haƙƙin matuƙa, wadda ta wajabta a sanar da mutum cewa ana bincikensa kuma a ba shi bayanan hasumiya da suka shafi zargin. A Ostareliya, kotun sauraron ƙorafi a kan hukumomin gwamnati, wadda aka sake wa fasali da suna a Oktoban 2024, tana sake duba lamari daga tushe, tana kuma iya maye gurbin hukuncin hukumar sufurin jiragen saman ƙasar, CASA, da nata. A gaban wannan kotu ne a 1989, bayan gwagwarmayar wani likita matuƙi mai suna Arthur Pape, aka yarda masu matsalar bambance launi su yi tuƙi da dare. Kanada ta bi wata hanya. Tun 2003 tana da kotu ta musamman a kan harkar sufuri, wadda likitoci da lauyoyi da tsofaffin matuƙa ke zama a cikinta, amma a kan batun lafiya da ƙwarewa ba ta mayar da lasisi da kanta, sai dai ta mayar da fayil ga minista ya sake nazari.

A nan ne ra'ayi ya rabu a zaman da muka yi bayan Babbar Salla, kuma ya kamata mambobi su ji ɓangarorin biyu. Wani dattijonmu da ya daɗe yana jigilar alhazai daga filin jirgin Sultan Abubakar III ya ce shi ba zai zauna a gefen wanda alƙali ya mayar wa lasisi alhali likitocin hukuma ba su yarda ba, domin alƙalin ba ya cikin jirgin ranar da ciwon zai tashi. Matasa suka ce mayar da fayil ga wanda ya yanke hukuncin farko komawa gidan jiya ne, domin da wuya mutum ya rubuta da hannunsa cewa ya yi kuskure. An yi muhawara mai zafi cikin ladabi, kuma kowa yana da hujja. Ni dai a nawa ganin, dattijon ya yi gaskiya a kan wanda ya cancanci yanke hukuncin lafiya, matasan kuma sun yi gaskiya a kan cewa kada ya zama mutum ɗaya ne sau biyu. Yarjejeniyar Shikago ta 1944 da ƙa'idojin lasisi da ICAO ta gina a kanta sun yarda a ba mutum shaidar lafiya ko da bai cika wani sharaɗi ba, muddin ƙwararrun likitoci sun tabbatar ba zai jefa tashi cikin haɗari ba, tare da gindaya masa iyaka kamar kada ya tuƙa shi kaɗai. Wannan sassauci yana buƙatar idon da bai riga ya yanke hukunci ba.

Akwai kuma dalilin da ya shafi fasinja kai tsaye. A ranar 24 ga Maris, 2015, mataimakin matuƙin wani jirgin kamfanin Germanwings na Jamus ya kifar da jirginsa da gangan a tsaunukan Faransa, mutane 150 suka mutu, kuma bincike ya nuna ya ɓoye wa kamfaninsa takardun likita da suka ce bai cancanci aiki ba. Idan matuƙi ya yi imani cewa duk ranar da ya faɗi ciwonsa aikinsa ya ƙare, kuma babu inda zai kai kuka a saurare shi da wuri, to za a samu masu yin shiru, su sha magani a ɓoye, su hau jirgi. Hanyar ɗaukaka ƙara da mutane suka amince da ita tana sa a faɗi gaskiya tun ciwo yana ƙarami. Mu da muka taso a birnin Shehu ba baƙi ba ne ga wannan tsari, domin malamanmu sun karantar da mu wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musa al-Ash'ari, inda ya umarce shi ya daidaita masu shari'a a gabansa, kuma kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya idan ta bayyana masa yau.

Daga wannan zama ne muka rubuta takardar matsayinmu. Mun roƙi a samar da zaunanniyar kotun sauraron ƙorafi mai cin gashin kanta, wadda za ta ƙunshi lauya da likitan sufurin sama da gogaggen matuƙi, kuma babu ɗayansu da ke karɓar albashi daga hukumar da ake ƙara. Mun roƙi duk takardar dakatarwa ta zo da dalilanta a rubuce tare da hujjojin da aka dogara da su. Abin da muka fi nanatawa shi ne a ɗaure masu sauraro da wa'adi kamar yadda ake ɗaure mai ɗaukaka ƙara, kuma a dinga wallafa hukunce-hukuncen bayan an cire sunaye, domin na baya ya san abin da aka yi wa na gaba. Ba mu nemi a dakatar da aiwatar da hukuncin lafiya yayin da ake sauraron ƙara ba, kuma da gangan muka bar wannan. Takardar ta kammala, amma ba mu kai ta ko'ina ba tukuna, domin kwamiti ya ga bai dace a yi magana da yawunku ba sai kun karanta kun amince. Idan kun amince, niyyarmu ita ce mu fara tuntuɓar ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jirgi ta ƙasa, NAAPE, tun da muryarta ta fi tamu kaiwa nesa.

Sauran ayyuka ba su da yawa. Mun ziyarci makarantun sakandare a cikin gari mun yi wa ɗalibai bayanin hanyar shiga wannan aiki, har da cewa lasisin kyaftin na jiragen haya yana buƙatar sa'o'in tashi 1500. Mun yi ta'aziyya ga iyalan mambobin da suka yi rashi, Allah ya gafarta wa mamatan. Abin da muka kasa yi shi ne samar da inshorar rasa lasisi ta haɗin gwiwa da muka yi muku alkawari bara, saboda waɗanda ke biyan kuɗin wata-wata ba su kai adadin da za a ƙulla yarjejeniya da shi ba, kuma laifin rashin bibiya namu ne mu 'yan kwamiti.

Muna roƙon kowane mamba ya ajiye kwafin littafin sa'o'in tashinsa da sakamakon gwaje-gwajen lafiyarsa a wuri biyu, kuma duk wanda ya karɓi takardar dakatarwa ya sanar da kwamitin walwala a ranar, kafin ya rubuta amsa ko ya sa hannu a kan wani abu, domin wa'adin ɗaukaka ƙara ba ya jira. An raba kwafin takardar matsayi tare da wannan rahoto, kuma za a kaɗa ƙuri'a a kanta bayan sallar La'asar.

Wassalamu alaikum.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin zartarwa
Sakkwato