Wasiƙa zuwa ga ɗana kan aikin sa kai a gandun daji

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya karatu? Mahaifiyarka ta faɗa mini ka ba da sunanka cikin masu zagayawa da 'yan makaranta a Gandun Namun Daji na Jos ranakun Asabar. Na amince, Allah ya yi maka albarka. Amma tunda 'ya'yan mutane za a damƙa maka, ga abin da nake so ka riƙe.

A zamanin Gwamna Joseph Gomwalk aka kafa gandun, a 1972, kuma faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 8, fili ne da yaro zai iya ɓacewa a cikinsa. Kafin ka ja kowa, ka taka hanyar da ƙafarka tare da ma'aikacin wurin, ka san inda ta rabu biyu, inda inuwa take, inda ban-ɗaki yake, da inda waya ba ta kamawa. Masu ba dabbobi abinci kuwa ka girmama su, kada ka je kana yi musu karatun jami'a. Kada ka karɓi makullin keji, kada ka bi kowa bayan keji ko da an ce zo ka gani. Zakin da ya kuɓuce a gandun a Disamban 2015 a lokacin ba shi abinci ya fita, kuma a ƙarshe harbe shi aka yi.

Kada yara su wuce goma a hannun babba ɗaya. Kai a gaba, malaminsu a baya, ba mai wuce ka, ba mai zama bayan malam. Ka ƙirga su a ƙofa, da duk inda aka tsaya, da kafin su hau mota, kuma da suna za ka kira, domin in makaranta biyu suka haɗu, ƙirgen kai yakan cika da yaron da ba naka ba. Ka rataya usur, ka gaya musu duk wanda ya rabu da jama'a ya tsaya cak inda yake. Kowa ya zo da gorar ruwa maimakon ruwan leda. Gada da barewa suna haɗiye leda, ba ta narkewa, sai ta cunkushe a tumbi dabbar ta yi ta ramewa.

Duk yaron da ya zo, zaki ya zo gani. In ka fara kai su can, ka gama da su, sauran yinin surutu ne da guje-guje. Ka bar keji sai ƙarshe, ka fara da abin da ke yawo da kansa. Daga ƙarfe 7 zuwa 9 na safe tsuntsaye suka fi kuka da kiwo, rana na ɗagawa su lafa. Ka zaunar da yaran a inuwa, su rufe ido minti biyu, kowa ya ƙirga da yatsa kuka iri nawa ya ji. Sannan ka koya musu suna biyar kawai, kuma na abin da suka gani da idonsu: cilakowa, ragon maza, shirwa, hankaka, baiwar Allah. Ka tambaye su sunan da Birom ko Jaranci ko yaren gidansu. Wanda bai sani ba ya tambayo kakarsa. Yaron da ya koma gida da suna biyar zai gane su a bishiyar unguwarsu, wanda aka ɗura wa talatin kuwa ko ɗaya ba zai riƙe ba.

In akwai madubin hangen nesa, mai lamba 8x42 ya fi sauƙi. Igiya a wuya tukuna. Yaro ya kafa ido a kan tsuntsun, sannan ya ɗago madubin zuwa idonsa ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Mafi yawansu madubin suke fara kallo, su ɗago su tarar da ganye kawai.

Akwai labarin da ya kamata kowane ɗan Jos ya sani. A duwatsun Filato akwai wata 'yar'uwar baiwar Allah mai jan baya, wadda sai a 1998 masana suka tabbatar jinsi ce daban. Akwai kuma wani ƙaramin baƙin tsuntsu mai sheƙi wanda ba ya yin sheƙa: macen takan saka ƙwanta a sheƙar waccan, a ƙyanƙyashe mata, a ciyar mata. 'Ya'yan nata suna da zane a cikin baki irin na 'ya'yan masu gida, shi ya sa ba a gane su, namijin kuma in ya girma kukan waɗanda suka rene shi yake kwaikwayo. Ana nazarin su a dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take, ƙarƙashin jami'arku ta Jos. Ka nemi izini ka bi masu binciken fita ko sau ɗaya. Sai dai kada ka yi wa yara alkawarin ganin wani tsuntsu, daji ba kanti ba ne. Ka kuma tambayi yaran yaushe rabonsu da ganin ungulu a mayanka. Guba da cinikin sassan jikinta sun rage ta sosai, alhali ita ke kwashe mushe kafin ya zama cuta.

A bakin keji doka uku ce: ba ciyarwa, ba jifa, ba zura hannu. Kadan da ya kwanta baki buɗe ba mutuwa ya yi ba, zafin jikinsa yake daidaitawa. In ka faɗi haka tun kafin a isa, ba wanda zai ɗauki dutse don ya motsa shi. Kada a zuba wa biri ido ko a yashe masa haƙora, a wurinsa neman faɗa ne, kuma a ɓoye biskit. In ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a kai asibiti ran nan saboda ciwon haukan kare, komai ƙanƙantar ciwon. In yaro ya tambayi abin da ya sa kura ke kai da komo a layi ɗaya, ka faɗa masa gaskiya: ƙuncin keji ne, a dawa takan yi tafiya mai nisa cikin dare.

Takalmi rufaffe dole ne, kuma ba mai sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse. Macijiyar nan kasa ba ta gudu, kwanciya take cikin busasshen ganye har a taka ta. In maciji ya yi sara, kada a ɗaure da igiya, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe ko agogo kafin wurin ya kumbura, a hana gaɓar motsi, a ɗauki yaron, kada ya taka, a nufi asibitin da ke da allurar dafin maciji. Ka san wanne ne tun yanzu. In tofi aka yi masa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa. Haka ma ruwan ƙerana, wadda ake shinge da ita a Filato: farin ruwanta yana ƙona ido. Kada ka fesa turare ranar fita saboda ƙudan zuma.

Daga Nuwamba ciyawa ta bushe, aikin share layin tare wuta ya fi komai buƙatar hannu, don masu farautar gafiya da guntun sigari ne ke ta da gobara, busasshen ganyen itatuwan fayin (masu ganye kamar allura) kuma yana ci da sauri. Kada ka guje wa ranar fartanya ka zo ranar hoto. Dashen itace kuwa a bari sai ruwa ya zauna, wajen Yuni.

Ka riƙe ƙaramin littafi: kwanan wata, lokaci, wuri, abin da ka gani da yawansa. Wanda ba ka tabbatar ba ka sa masa alamar tambaya. Hoton yaran mutane kada ka ɗora a Facebook sai da iznin makarantarsu. In jarrabawa ta matso, ka sanar da shugabanku mako biyu kafin nan, a nemi wanda zai riƙe maka yaran.

Ƙannenka suna gaishe ka. Wassalam.

Mahaifinka