Kayan gyaran jiragen yaƙi: tsada da jinkirin da ba a cika magana a kansu ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan wani ɓangare na sayen makamai daga ƙasashen waje, wato kuɗin kayan gyara da tsawon lokacin da suke ɗauka kafin su iso.

A shekarar 2021 jiragen Super Tucano guda 12 da Najeriya ta saya daga Amurka a kan kusan dala miliyan 500 suka iso, aka girke su a Kainji. Ciniki ne na gwamnati da gwamnati: mu biya, ma'aikatar tsaron Amurka ta yi oda a madadinmu, sannan ta ɗora kuɗin hidimarta. Tsarin yana rage 'yan kwangila masu cin la'ada, kuma wannan abin a yaba ne, sai dai yana da jinkiri. Ƙaramin ƙarfe guda sai ya bi layin takardu da izinin fitarwa, kuma idan kayan sun yi ƙaranci, ba mai saye na nesa ake fara sallama ba. Ƙasar da ke son a riƙa ba ta kaya da wuri, sai ta zuba kuɗi tun farko ta mallaki kaso a rumbun kayan gyaran sojojin Amurka. Duk da dala ake biya, ita kuwa dala daga kusan naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muka rarraba ƙafa. Muna da Alpha Jet ƙirar Faransa da Jamus tun shekarun 1980, da Mi-35 na Rasha, da JF-17 daga Pakistan, da T-129 daga Turkiyya, kowane da nasa kayan gyara da nasa makanikai. Tun da aka ƙaƙaba wa Rasha takunkumi a 2022, hatta biyan kuɗin kayanta ya zama aiki. Idan kaya suka yi jinkiri, abin da ake yi shi ne abin da makanikin mota ke yi a gareji: a kwance wani jirgi a tada wani, sannu a hankali jiragen da ke iya tashi su ragu. Mutanen Isa da Sabon Birni da Goronyo, waɗanda ke sauraren ƙarar jirgi idan 'yan bindiga sun taso, su ne jinkirin ke faɗa wa.

Saboda haka ina kira ga wakilanmu na Sakkwato a Majalisar Tarayya da su riƙa tambayar jirage nawa ne ke iya tashi, ba nawa aka saya kaɗai ba. Kada su amince da kuɗin wani sabon ciniki sai an nuna masu yarjejeniyar kayan gyara ta shekaru, da farashi da wa'adin isowa a rubuce, da kuma ƙananan kayan da masana'antar ƙera makamai ta gwamnati, wato DICON ta Kaduna, za ta samu lasisin ƙerawa a gida.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Sakkwato