Wasiƙa daga Port Talbot

Assalamu alaikum Yaya, da fatan kuna lafiya, ya jikin Inna, ya yara da makaranta. Ni ina nan ƙalau alhamdulillah.

Na san ka ga kuɗin wannan karon bai kai yadda aka saba ba, shi ya sa na ce bari in zauna in maka bayani kar Inna ta sa damuwa a ranta. Ka san garin nan namu na yankin Wales a Birtaniya kusan kowa a jikin kamfanin ƙarfe na Tata yake ci, ko kana aiki a ciki ko kana sayar musu da abinci ko kana kai su a tasi kamar ni. To a 2024 aka kashe manyan tanderun narka ƙarfe guda biyu, ɗaya a Yuli ɗaya a ƙarshen Satumba, aikin mutum wajen 2,800 ya tafi. Waɗanda nake ɗauka da asuba da jakar abincinsu da takalman nan masu nauyi yanzu ƙalilan ne, wani maƙwabcina tun yana saurayi yake ciki amma yanzu da furfurarsa ya koma aji yana koyon wata sana'a.

Maganar duk a kan hayaƙi ne da kuɗi. Tsofaffin tanderun kwal suke ci, duk tan 1 na ƙarfe sai an fitar da wajen tan 2 na iskar da ke ɗumama duniya, kuma kamfanin ya ce kullum fam miliyan 1 yake asara. Sabon tanderun da ake ginawa da lantarki zai yi aiki, tsofaffin ƙarafa zai dinga narkawa irin waɗanda 'yan gwangwan ke tarawa a gida, an ce hayaƙin wurin zai ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Amma fa kuɗinsa fam biliyan 1.25, gwamnati ta zuba miliyan 500 daga harajin mutane, ga wutar masana'antu a ƙasar nan tsada gare ta fiye da Faransa da Jamus, kuma ko an gama ba zai ɗauki ma'aikata kamar da ba. Sun ce sai ƙarshen 2027 zai fara.

Wallahi Yaya ni ina goyon bayan a rage hayaƙin, ƙurar da nake gogewa a gilashin mota duk safiya ta ragu sosai, kuma na san yadda zafi da ambaliya ke mana ɓarna a can. Abin da ke ci min rai shi ne tsakanin kashe tsohon da kunna sabon an bar mutane shekaru a rataye, ƙarfen da ake murzawa yanzu ma daga Indiya da Holan ake kawo shi a jirgin ruwa, kenan a can ake ƙona kwal ɗin, nan kuma masu ƙananan shaguna da mu direbobi ne muke jin jiki.

Na fara zuwa birnin Swansea da ke kusa da mu da daddare saboda can an fi samun fasinja. Maganar kwanon ɗakin Inna a ɗan jira zuwa wata mai zuwa in sha Allah, amma kuɗin magani kar a taɓa shi, in ya ƙare ka kira ni ko da wane lokaci ne. A gaida Kawu da mutanen gida duka.

Ƙaninka