Masu shirin LSAT, a yi haƙuri da agogo tukuna

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana da ƙannenmu masu neman gurbin karatun lauya a Amurka ko Kanada, tunda da yawa daga cikin makarantun can sai sun ga makinka na jarabawar LSAT kafin su saurare ka. Abin da ke damuna shi ne yadda yara ke zuba jarabawar gwaji da agogo kusan kullum tun satin farko, makin ya tsaya cak wuri ɗaya, sai ka ji yaro yana cewa shi dai kansa ne ba ya ja, alhali wallahi tsarin ne bai yi ba.

Jarabawar nan sashe 4 ce, kowanne minti 35, makin kuma daga 120 zuwa 180. Tun Agustan 2024 hukumar LSAC mai shirya jarabawar ta cire sashen wasa ƙwaƙwalwa, yanzu biyu na tantance hujja ne, ɗaya na karanta dogon rubutu, ɗayan kuma ba a sa masa maki amma ba za a gaya maka wanne ba ne. Tambaya wajen 25 a minti 35 fa, kowace ba ta samu minti ɗaya da rabi ba. To a ce an kawo maka cewa wani gari ya sa fitilun titi sai sata ta ragu, don haka fitilun ne suka rage satar, a nuna raunin maganar. In ba ka saba tambayar kanka ko an ƙaro 'yan sanda a daidai lokacin ba, agogo ba zai koya maka ba, canki-canka kawai zai koya maka.

Ni a ganina a yi jarabawar gwaji guda ɗaya da agogo tun farko don mutum ya san inda yake, daga nan a ajiye agogon, a zauna da tambayoyi a tsanake ko da ɗaya za ta ci minti goma, har sai ka iya faɗin dalilin da ya sa sauran amsoshi huɗun ba daidai ba ne. In kuskure ya ragu sai a fara sashe ɗaya-ɗaya da lokaci. Cikakkiyar jarabawar gwaji kuwa a bar ta sai kamar saura wata biyu, sau ɗaya ko biyu a sati ya isa, a kwamfuta ta shafin LawHub na hukumar yadda za a yi ranar jarabawar, waya a kashe, hutun minti 10 bayan sashe na biyu ba ƙari.

Inda aka fi yin asara shi ne bayan an gama. Kar ka yi saurin duba amsa, koma kan waɗanda ka yi kokwanto ka sake su ba agogo. Wadda ka ci a karo na biyu matsalar sauri ce, wadda ka sake faɗi kuma fahimta ce babu, koma ka karanta, ka rubuta ta a littafi. Wannan bitar sau da yawa ta fi jarabawar kanta cin lokaci kuma haka ya kamata.

Tsofaffin jarabawoyin hukumar suna da iyaka, wadda ka taɓa gani ta daina auna ka. Ita ma ta gasken sau 7 kacal aka yarda mutum ya zauna a rayuwarsa, don haka kar a yi rajista sai makin gwaji ya zauna kusa da abin da makarantar ke nema.

Na gode,
Mai karanta jaridarku.