Wasiƙa Zuwa ga Ɗana Mai Shirin Tafiya Bradford

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, mahaifiyarka ta nuna mini takardar da Jami'ar Bradford ta ƙasar Ingila ta aiko maka, na kuwa yi hamdala. Garin da za ka je neman digiri na biyu shi ne garin da na yi ƙuruciyata, daga 1967, ina ɗan shekara 5, har zuwa 1977. Sai dai na ji ka kana gaya wa ƙaninka cewa ko yunwa za ta kashe ka ba za ka yi aikin ɗaukar kaya a sito ko kula da tsofaffi ba, wai don kada labari ya iso gida. Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin amsarta ba ta faɗuwa a tsaitsaye.

Kakanka, Allah ya jiƙansa, ya je Bradford ne koyon ilimin saƙa da rini a kwaleji, a lokacin da masaƙun Kakuri a Kaduna ke neman 'yan ƙasa masu sanin inji. Kuɗin tallafin karatu bai isa ya riƙe iyali ba, saboda haka da rana yana aji, da dare kuma yana masaƙar ulu, a sashen da ake taje gashin tumaki kafin a kaɗa shi. A wancan zamani doka ta hana mata aikin dare a masana'antu, Turawa maza kuwa da yawa sun samu abin da ya fi, shi ya sa aikin dare ya koma hannun baƙi, galibinsu mutanen Mirpur na ƙasar Pakistan. Wuri ne mai zafi da maiƙo da ƙarar da ke kashe kunne, har tsofaffin ma'aikata sun iya karanta leɓɓan juna daga nesa. Da asuba yakan shigo gida da warin ulu a jikinsa, ya yi alwala da ruwan da kakarka ta ɗumama, ya yi salla, ya ɗan rintsa, sannan ya sa kwat ya ɗauki littattafansa. Ban taɓa jin ya ɓoye wa kowa wannan aiki ba, har a wasiƙun da yake aika wa mahaifinsa yakan faɗa.

A unguwar Manningham muka zauna, a irin gidajen nan da aka jera wa leburori, kowane gida bayansa manne da bayan wani, ƙofa ɗaya, tagogi ta fuska ɗaya. Makewayi a waje yake, muna tarayya da maƙwabta, kuma a cikin hunturu ruwansa kan daskare. Wanka sau ɗaya ne a mako, a bahon kwano gaban murhun kwal. Gas kuwa sai an jefa sule a mita, in ya ƙare ana tsakiyar tuƙa tuwo to wuta ta mutu ke nan. Ta kowane lungu ka ɗaga kai za ka hango bututun hayaƙin masaƙar Lister, mai tsawon kusan mita 76. Na girma ina zaton duwatsun garin baƙaƙe Allah ya halicce su, sai da aka fara wanke manyan gine-gine na ga ashe launin zuma ne da su, hayaƙin shekara ɗari ne ya rufe su.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne halin mutanen layinmu. Talakawa ne na sosai, irin waɗanda albashin Juma'a ke ƙarewa kafin Laraba, amma kowace mace takan durƙusa ta goge dokin ƙofarta har ya yi fes, kuma ba a barin maƙwabci ya kwana cikin sanyi in akwai kwal a gidan wani. Akwai wata tsohuwar Baturiya a jikin gidanmu, mijinta ya rasu, ita kuma ta yi fiye da rabin rayuwarta gaban injin saƙa har kunnenta ya yi nauyi. Ita ta koya wa kakarka yadda ake rufe wuta da toka ta kai safe, ita ta riƙe ni da ƙanwata kwana biyar lokacin da aka kwantar da kakarka a asibiti, kuma ba ta taɓa sa mana naman da ta san ba ma ci ba. A farkon 1974, lokacin da rikicin masu haƙar kwal ya sa gwamnatin Edward Heath ta taƙaita wa masana'antu wutar lantarki zuwa kwana uku a mako, kuɗin kowa ya ragu. Na tuna kakarka tana raba mata kyandir da shinkafa, ita kuma tana kawo mana burodin da ta gasa. Babu wanda ya kira wannan sadaka.

Ba zan ce maka duk daɗi ne ba. An zage ni saboda launin fatata, an taɓa tare ni a hanyar makaranta aka fasa mini leɓe, kuma a watan Afrilun 1976 na ga 'yan National Front masu ƙin baƙi sun yi maci a garin, mutanen Manningham suka fito suka yi musu tsaye. Cikin waɗanda suka fito har da Turawa 'yan ƙungiyar ƙwadago. Garin yana da daɗaɗɗen tarihin irin wannan tsayuwa, domin yajin aikin masaƙar Lister na 1890 zuwa 1891 na cikin abin da ya haifar da kafa jam'iyyar ma'aikata mai zaman kanta a Bradford a 1893. Haka kuma tun 1907 hukumar garin ta fara ciyar da yara a makaranta. Ni ma na ci wannan abinci, dankali da ganye kawai, saboda naman halal bai shiga makarantun garin ba sai a 1983.

Masaƙun nan yanzu sun yi tsit. Ta Salts da ke Saltaire kusa da Bradford ta rufe a 1986, ta Lister an mai da ita gidajen zama. Kai da kanka ka ga yadda Kakuri ta koma bayan rufe masaƙun Kaduna, ka ga dattawan da suka yi shekara talatin suna aiki suna zaune a gindin bishiya ba su da abin yi. To irinsu za ka tarar a can, Turawa da 'yan Pakistan, da jikokinsu waɗanda aikin sito da tuƙin tasi da jinya suka rage musu. Idan ka shiga cikinsu kana ɗaga hanci don kana da digiri, ka raina kakanka ne, domin da guminsa na dare aka biya kuɗin karatuna, da nawa karatun kuma aka biya naka. Duk aikin halal da takardar izininka ta yarda da shi ka karɓa, kada ka wuce awannin da doka ta ƙayyade wa ɗalibi, kada kuma ka bar shi ya ci karatun da ya kai ka. In tsoho aka ba ka ka kula da shi, ka tambaye shi aikin da ya yi a ƙuruciyarsa, ka saurara da kyau, mai yiwuwa a masaƙa ɗaya suka tsaya da kakanka. Ka san sunan maƙwabcinka tun makon farko, ka riga shi gaisuwa.

Ka sayi rigar sanyi mai kauri da takalmin da ruwa ba ya shiga kafin Nuwamba. Idan ka natsu, ka nemi masallacin Howard Street, wanda shi ne na farko a garin, a nan kakanka yake riƙe hannuna mu je Juma'a in ya samu sarari. Ka yi masa addu'a a can. Daga nan ka hau zuwa Manningham, ka tsaya a gindin bututun Lister ka ɗauko mini hoto, domin rabona da ganinsa tun ina ɗan shekara 15.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya kai ka lafiya.

Mahaifinka.