Beda na Jarrow da lissafin da ke bayan shekarar Miladiyya

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon fili in yi magana kan wani malami da ya cancanci shafin tarihi na wannan jarida ya waiwaye shi. Kullum kuna buga shekarar Miladiyya a goshin jarida, amma da wuya ka ji an ambaci mutumin da ya sa wannan ƙidaya ta kama ƙasa a Turai.

Sunansa Beda. An haife shi wajen shekarar 673 a Northumbria, arewacin Ingila. Yana ɗan shekara bakwai danginsa suka miƙa shi gidan 'yan zuhudu na Wearmouth, daga baya ya koma reshensa na Jarrow, inda ya zauna har rasuwarsa a 735. Ba shi ya ƙirƙiro ƙidaya daga haihuwar Annabi Isa (AS) ba, wani ɗan zuhudu mai suna Dionysius Exiguus ne ya tsara ta a 525. Beda ya ɗauke ta ya jera tarihin cocin Ingila da ita a littafin da ya kammala a 731, masu kwafar littafin kuma suka bazu da ita.

Abin da ya fi cin ƙarfinsa shi ne gano ranar Ista, bikin da Kiristoci ke tunawa da tashin Almasihu daga matattu, kuma duk wanda ya saba da kalandar Hijira zai gane matsalar nan take. Shekarar wata kwana 354 ce, ta rana 365, tazarar kwana 11. Ita kuwa Ista dole ta faɗo ranar Lahadin da ke bin cikar wata na farko daga 21 ga Maris. Ga yadda ake yi a zamaninsa: a riƙe kwanakin wata na ranar 22 ga Maris, kowace shekara a ƙara 11, in ya haura 30 a zubar da 30. Sifili, 11, 22, 3, 14, haka har shekara 19, wadda ta yi daidai da wata 235. A nan gizo ke saƙa. Sau 19 na 11 ya ba da 209, saura ɗaya ya cika 210, wato 30 sau bakwai, wanda zai mayar da ƙidayar sifili, don haka sai a tsallake kwana guda a ƙarshen zagayen. Wanda ya manta wannan tsalle, jadawalinsa duka ya karkace. Da aka ninka zagayen shekara 19 da na ranakun mako mai shekara 28, aka samu shekara 532, kuma Beda ya shimfiɗa jadawalin waɗannan shekaru a littafinsa na 725.

Kada a ɗauka wasan lissafi ne. Beda da kansa ya ba da labarin yadda Sarki Oswiu na Northumbria kan yi bikin Ista alhali matarsa Eanflaed tana cikin azumi, saboda kowa da lissafin malamansa. Taron malaman coci da aka yi a Whitby a 664 ne ya raba gardamar.

Lissafin bai rasa aibi ba. Kalandar Julius, wadda Turai ke amfani da ita a lokacin, takan zame da kwana ɗaya cikin kusan shekara 128, har sai da Fafaroma Gregory na 13 ya yanke kwana goma a 1582. Ƙwazon Beda ma ya ja masa tsangwama: a 708 an zarge shi da karkata daga addini don ya ƙirga shekara 3,952 daga halitta zuwa haihuwar Almasihu, saɓanin fiye da 5,000 da aka saba ji.

Ina roƙon ku ware masa shafi guda kafin Ista mai zuwa, ku buga jadawalin shekara 19 ɗin a gefen na Hijira, domin malaman lissafi su samu abin ɗorawa a allo.

Naku,
Mai karatu daga Kaduna