Sanarwa Game da Tafiyarmu ta Yankari

Assalamu alaikum iyaye da ƴan'uwa. Mun gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya daga Yankari ta jihar Bauchi, inda yara suka yi wanka a ruwan ɗumi na Wikki, dattawa kuma suka samu zaman zumuncin da aka daɗe ana marmari. Sai dai yadda muka raba ɗakuna ya jawo ɓacin rai, domin iyayenmu mata sun yi nisa da jama'a, nauyin girki da kula da yara kuma ya faɗa kan mata ƙalilan, wanda bai dace ba. Masu sauran kuɗin mota su biya ma'aji kafin Juma'a, sannan kowane gida ya turo shawararsa kan rabon aiki kafin Babbar Sallah.